Tofin Inna a Kwalbar Yaya

Firjin kananzir ya riga kwalaben isowa gidanmu. Yayata ce ta sa aka turo shi a baro har Ƙofar Durbi, aka shigar da shi ɗakin Inna da kyar, sai da aka cire ƙyaure ɗaya. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ce, damina ta fara sauka, hotunan 'yan takara duk sun jiƙe suna ɓarewa daga jikin katangu.

Yaya ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a asibiti, wurin da kowa ke kira lab. Tana zaune da mijinta wajen Ƙofar Marusa, ni kuma ina koyarwa a firamare, ina tare da Inna tun bayan rasuwar Baba. Nono ɗaya muka sha amma halinmu ya yi hannun riga. Ni kafin a gama gaya mini magana na hau. Ita kuwa ko gobara ce ta tashi sai ta mayar wa biro murfinsa kafin ta miƙe. Tun muna yara wannan sanyin nata yake ba ni haushi, kuma shi ne abin da na fi sha'awa a wurinta.

Shekaru ta yi tana fama da wani bincike na babban digiri. Abin da ya dame ta shi ne yaran da ake kawowa asibiti da zazzaɓin cizon sauro: wani ya kwana biyu ya miƙe yana neman ƙosai, wani kuma zazzaɓin ya hau masa kai, ya yi ta fizge-fizge, ya tafi. Ta ce mini idan cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin da ke kare shi suna aika wa juna saƙo da wani sinadari, kamar mai shela yana tara jama'a. Tana zargin cewa a jikin wasu yaran shelar ce ke yin yawa har ta zama ɓarna. So take ta auna wannan ɗan aiken a cikin jininsu ta gani. Ta bi iyaye mata ɗaya bayan ɗaya tana roƙo, ta tara ruwan jinin yara a ƙananan robobi, suna daskare a injin sanyi na ɗakin ajiyar jini. Abin da za ta auna su da shi ne babu.

Sunan abin antibodi. A ƙasashen waje ake yin sa, kuma aikinsa ɗaya ne: a cikin duk tarkacen da ke yawo a jini, wannan ɗan aiken kaɗai yake ganewa ya cafke. Zamanin soja ko ta nema ba ta samun amsa, masu yin kayan da sun ji sunan ƙasarmu sai su yi shiru. Jami'a ta yi ta ɗaga mata ƙafa har ta gaji, ta ce ƙarshen shekarar nan ne iyaka. Ana cikin haka wani tsohon malaminta da ya bar ƙasar tun da daɗewa ya ji an koma mulkin farar hula, ya zo ganin gida, ya taho mata da 'yar kula a hannunsa tun daga cikin jirgi.

Ranar da ta buɗe kular nan a tsakar gida na yi zaton zan ga abin kirki. Sai ga 'yan kwalabe biyu, antibodi na farko da na biyu, kowacce ba ta kai ƙaramin yatsana ba, ruwan da ke gindinsu kuwa bai fi hawaye ba.

Inna ta leƙa, ta ce, "Wanga shi na abin da kika rame dominshi? In kaza ta gani ai kurɓa guda za ta yi mashi."

Yaya ta yi dariya ta ce, "Shi ne, Inna. Tsarma shi ake yi. Zubi biyu zai yi mani, daga nan ya ƙare."

"In ya ƙare sai a aiko da wani?"

"Babu wani."

Sanyi antibodi yake so, amma ba ya son daskarewa, don haka injin ɗakin jini ba zai yi ba. Firjin lab kuwa wuta ce ke wasa da shi, ga shi kowa ya zo da kunun zaƙinsa nan yake cusawa. Shi ya sa ta nemo na kananzir ta kawo wurin Inna, don Inna ba ta zuwa ko'ina. Ta durƙusa ta nuna mata 'yar wutar da ke ƙasa, ta ce muddin shuɗiya ce lafiya lau, in ta koma ja ko ta fara hayaƙi a gyara lagwani. Ta jera kwalaben biyu a ciki, da wata babbar kwalba ta ruwan da ita ta haɗa da kanta a lab, wanda ake zubawa a ƙarshen aiki don launi ya fito.

Inna ta ɗauki wutar nan amana. Ko biki aka yi a unguwa ba ta zama a gama, sai ta ce ta bar wuta a gida. Maƙwabta da suka ji an kawo firji suka fara aiko da kwanoni neman ruwan sanyi, ta mayar da su duka, ita da ko gishiri ba ta iya hana mutum. Takan ce, "Ba na ruwa ba ne, aikin ɗiyata ne ciki." Tana faɗa tana gyara zaman ɗankwali, kai ka ce ita jami'ar ta ɗauka.

Zubin farko ranar Asabar aka yi, lokacin da lab ba cunkoso. Ni na rungume kula a bayan ɗan acaɓa, ina ta yi masa faɗa a kan ramukan hanya. Ban taɓa ganin Yaya tana aikinta ba sai ranar. Ta sa farar riga da safar hannu, ta rufe hanci da baki, ta jawo farantai na roba masu ƙananan ramuka a jere kamar gidan dara. Tun ranar Juma'a ta zo gida ta ɗebi antibodi na farko ta shafe ramukan da shi. Ta ɗiga ruwan jinin kowane yaro a nasa ramin, aka jira, ta wanke. Ta ɗiga antibodi na biyu, wanda ke ɗauke da abin da ke tayar da launi, aka jira, ta sake wankewa. Hannunta na tafiya daga rami zuwa rami ba gaggawa ba tsayawa. Na tsaya ina kallo har na manta da yunwa. A gida Yaya ce kawai, mai manta gishiri a miya. A nan wata mace ce daban, kuma na ji alfahari ya cika ni.

Akwai 'yan ramuka a gefe da ba ta sa musu jini ba. Na tambaye ta ko mantuwa ce, ta ce a'a, waɗannan su ne shaidu. Tunda babu jini a cikinsu, dole su zauna garau kamar ruwa. Sauran kuma su yi rawaya, kowanne gwargwadon yawan ɗan aiken da ke jinin yaron.

Ta zuba ruwan babbar kwalba, ta sa farantan a durowa don aikin ba ya son haske. Da lokaci ya yi ta jawo durowar, sai ga rawaya shar ko'ina. Na buga tafi na ce, "Ya yi! Yaya, wallahi ya yi!"

Ta nuna mini gefe da yatsa. Shaidun ma sun yi rawaya.

Wani abokin aikinta da ya shigo ɗaukar sakamako ya leƙa, ya ce ai ba a rasa dabara, ta sa a na'ura ta karanta, ta cire na shaidun daga na sauran, wa zai sani. Ni ma na goya masa baya da ƙarfina, don na san abin da ya rage a kwalaben nan. Yaya ta ce, "Ramin da ban sa ma komai ba yana cewa ya ga abu. To, da wane ido zan yarda da sauran?" Ta kwashe farantan ta zuba a bokitin shara. Na ji kamar in shaƙe ta. Rabin antibodin ya tafi, rabin jinin yaran ya tafi, kuma ba ta san abin da ya jawo ba. In ta sake zubawa haka nan, na ƙarshen ma hanyar da zai bi ke nan.

Bayan la'asar muka isa gida. Inna na zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ta dubi fuskokinmu ta ajiye faifan.

"Bai yi ba?"

"Bai yi ba, Inna."

"Ikon Allah. Ni kau ba ranar da ban tofa maki ba. Kullum in na idar da Asuba sai na buɗe na karanta na tofa ciki. Kar ki damu, akwai sauran zamzam ɗin da kawunku ya kawo, gobe sai in ɗiga maki shi."

Inna haka take. Biron da muka rubuta jarabawa da shi ta tofa masa. Ruwan da muka sha na ciwon kai ta tofa masa. Keken da Baba ya saya sai da ta tofa wa sirdinsa. Duk abin da take ƙauna sai ta karanta ta tofa, kuma mun tashi muna jin daɗin hakan. Amma a wannan lokacin jini ya hau mini kai, na buɗe baki zan yi magana, sai na ji diddigen Yaya a kan yatsun ƙafata. Ta danna sosai, har yau in na tuna sai na ji zafin.

Ta zauna kusa da Inna ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsintar. Cikin murya mai laushi ta ce, "Allah ya saka da alheri, Inna. Wacce daga ciki kike tofa mawa?"

"Babbar mana."

"Ƙananan fa?"

Ruwan babbar kwalba ana iya haɗa wani gobe. Ƙananan in an taɓa su shi ke nan.

Inna ta ce, "Waɗannan masu taurin kai? Na murɗa na murɗa sun ƙiya, yatsuna ba ƙarfi. Sai dai in tofa masu ta bisa murfi."

Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ci gaba da tsince shinkafa. Na ga tsakuwa ta zame daga yatsunta ta koma cikin faifan, ta sake ɗauka.

Da na raka ta zaure na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce a sa kwaɗo a firjin nan yau, ko a kwashe shi a mayar gidanta, kuma a gaya wa Inna gaskiya ta san abin da ta yi. Yaya ta bari na gama, sannan ta ce, "Ke har kin yanke hukunci. Ni ban tabbatar ba tukuna. Zato nike yi."

Washegari ta sake ja na zuwa lab. Ta haɗa sabon ruwa, ta jera bututun gilashi uku, ba jini ba antibodi. Na farko ta zuba ruwan tsohuwar kwalba, na biyu da na uku ta zuba sabo. Ta miƙo mini na ukun ta ce, "Tofa."

"In yi me?"

"Ke da bakinki ba ya hutawa, yau ga ranarshi. Tofa kaɗan, yadda Inna ke yi."

Na tofa. Ta ƙara musu abin da ake ƙarawa, ta sa a durowa. Da ta fito da su, na tsohuwar kwalba ya yi rawaya, nawa ya yi rawaya har ya fi shi, na tsakiya kuwa garau. Ta ce a cikin yawun mutum akwai wani abu ɗan'uwan wanda ke jikin antibodi na biyu, shi ma yana tayar da launi. Ta ɗaga nawa ta duba a haske ta ce, "Na dai san naki sai ya fi na kowa dafi." Ta yi dariya har da riƙe tebur. Tun jiya sai yanzu na ga haƙoranta.

Saura Inna. Ni a ganina abu mai sauƙi ne, a ɗauke babbar kwalba a bar ta a lab, ba sai an ce komai ba. Yaya ta ce Inna za ta buɗe ta ga babu, ta tambaya, kuma ita ba ta taɓa yi wa Inna ƙarya ba, ba za ta fara a kan kwalba ba. Ga shi kuma wata rana murfin ƙananan zai iya yarda ya buɗe.

Ta same ta a ɗaki ta zauna a ƙasa. Ina bakin ƙofa ina ji. Ta ce ruwan nan ba ya son numfashin mutum, ko nata, shi ya sa take rufe baki in tana aiki. Ba ta kai ƙarshe ba Inna ta ɗaga mata hannu. Inna ba ta yi boko ba, amma ba a zagaya mata magana.

"Ashe ni na ɓata maki."

Na so Yaya ta ce a'a. Ni da nake ta kumfar baki jiya, yanzu da na ga fuskar Inna sai na ji da ma a yi mata ƙaryar. Yaya ta kama hannunta ta ce, "Yawun ne, Inna, ba addu'ar ba."

Inna ta zare hannunta a hankali. Ranar ba ta ci tuwo ba. Ta ci gaba da kula da wutar, amma daga nesa take leƙawa, ta ja gefen mayafi ta toshe bakinta, in lagwani na son gyara sai ta kira ni. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ta daina tofi gaba ɗaya. Na yi ciwon kai na kai mata kofin ruwa da gangan, ta ce in sha magani. Jikanta ya zo zai fara jarabawa ya miƙa mata biro, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta bar shi da biron a hannu. Gidan ya zama wani iri. Haushin da nake ji ya koma tausayi, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Asabar ɗin zubi na ƙarshe Yaya ta iso da sassafe. Ta ɗauki kwalaben ta sa a kula da ƙanƙara ta miƙo mini, ɗan acaɓa na jira a waje. Maimakon mu fita sai ta nufi ƙofar Inna ta durƙusa, ta zame ɗankwalinta baya, ta sunkuyar da kai.

"Inna, ki tofa mani."

"Tashi ki tahi. Bakina ya yi maki ɓarna sau ɗaya, ya isa."

"Kwalba ba ta jin tsoro, Inna. Ni ke jin tsoro. Duba hannuna."

Ta miƙa hannun, yana rawa kuwa. Hannun da na gani yana bin ramuka kamar na tela. Inna ta kau da kai. Ɗan acaɓa ya yi hon, ya sake yi. Ina jin sanyin kular a cikina ina tunanin ƙanƙarar da ke narkewa, na ce, "Yaya, rana na yi fa." Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ni tahiya sai ta tofa." Na san ta. Da Inna ta ƙi, da nan za mu yini, antibodin ya lalace a hannuna.

Inna ma ta san ta. Ta matso, ta dafa kan da hannu biyu. Ta yi karatu mai tsawo, ta tofa sau uku a tsakar kan Yaya, ta mayar mata da ɗankwalin ta ɗaure da kanta kamar yadda take yi mana za mu makaranta.

A lab Yaya ta wanke hannu har gwiwa, ta rufe baki, ni ma ta sa na rufe nawa ta kuma kafa mini dokar shiru, wadda ita ce aiki mafi wuya da na yi a shekarar. Ta tatse kwalaben nan har ɗigon ƙarshe. Da ta rufe durowa muka zauna a benci. Lokaci ya yi ta tashi, ta dafa durowar, ta tsaya, sannan ta ja.

Wasu ramukan sun yi rawaya mai kauri, wasu fayau, wasu tsaka-tsaki. Ita ba su ta fara dubawa ba. Gefe ta duba. Shaidun suna nan garau, kana ganin farin tebur ta ƙarƙashinsu. Ta sa a na'ura ta kwashe lambobinta tsaf, ta sake dubawa, sai da ta gama duka sannan ta zauna a ƙasan lab ɗin da farar rigarta ta yi kuka.

Faranti ɗaya ta liƙe da leda ta riƙo a hannu har gida. Inna na bakin ƙofarta a inda muka bar ta, ko tukunya ba ta ɗora ba. Yaya ta durƙusa ta ajiye farantin a gabanta, ta nuna mata gefen. Kafin Inna ta sunkuya sai ta yi maza ta ja mayafi ta toshe bakinta.

Ta cikin mayafin ta ce, "Waɗanga da babu komai cikinsu, su na abin murnar?"

"Su ne, Inna."

Yaya ta kai hannu ta janye mayafin daga bakinta, ta ce, "An gama. Yanzu tofa mashi son ranki."

Inna ta dubi farantin, ta ture shi gefe da bayan yatsa. Ta kama hannun da ya janye mata mayafin, ta buɗe tafin, ta karanta, ta tofa a ciki, ta naɗe yatsun a kai ta riƙe.